Hayaƙin Ɓoye: Makashin da Ba Mu Raɗa wa Suna Ba

Gabatarwa

Duk wanda ya zauna ya ƙidaya kalmomin da Bahaushe ya tanada domin wuta zai yi mamakin yawansu. Akwai harshen wuta, da garwashi, da rushi, da tartsatsi, da toka, da bakin wuta. Akwai kuma hayaƙi, da ƙauri, da huci, da kunkunniyar da kan taru a rufin madafa. Idan aka duba da kyau za a ga kowace ɗaya daga cikinsu sunan wani abu ne da ido ke gani, ko hanci ke shaƙa, ko fata ke ji. To, amma akwai wani abu guda da wuta kan haifa wanda ba ya cikin wannan jeri, domin ba shi da launi, ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano, ba ya sa tari, ba ya kuma sa ido hawaye. Masana kimiyya suna kiransa kabon monoksaid. Mu kuwa har yau ba mu raɗa masa sunan da tsohuwa a ƙauye za ta ji ta gane ba, alhali da wuya hunturu ya zo ya wuce bai shiga wani gida ya ɗauki rai ba.

Idan aka wayi gari da gawarwakin mutanen gida ɗaya, gidajen rediyo da jaridu sukan ce hayaƙin janareta ne ya kashe su, ko hayaƙin gawayi. Maƙwabta kuwa sukan ce guba aka zuba musu a abinci, ko sammu ne, ko kuwa iska ce ta buge su. A ganina duk waɗannan sunaye suna kautar da hankalin jama'a daga ainihin makashin, kuma wannan kautarwa tana cikin dalilan da ke sa abin yana ta maimaituwa. Saboda haka a cikin wannan 'yar maƙala zan yi ƙoƙarin bayyana asalin wannan guba, da yadda take aiki a jikin ɗan'adam, da alamominta, da yadda likitoci ke gane ta su yi maganinta. Daga ƙarshe zan komo kan batun suna, wanda shi ne rabonmu na aikin, mu ɗaliban Hausa.

Asalin Gubar

Wuta ba ta ci sai da wani ɓangare na iska da ake kira oksijin, wanda shi ne mu ma muke shaƙa mu rayu. Duk wani makamashi, ko itace ne, ko kara, ko gawayi, ko kananzir, ko fetur, ko gas na girki, yana ɗauke da sinadarin kabon. Idan wuta ta sami isasshen oksijin, kowace ƙwayar kabon takan haɗu da ƙwaya biyu na oksijin, a sami irin iskar da muke fitarwa idan mun yi numfashi. Idan kuwa oksijin ya yi ƙaranci, sai ta haɗu da ƙwaya ɗaya tak, a sami kabon monoksaid. Wani masani ɗan Biritaniya, William Cruickshank, shi ne ya nuna a shekarar 1800 cewa kabon da oksijin ne suka haɗa wannan iska. Wutar da ke ci a rufaffen ɗaki tana cinye oksijin ɗin ɗakin sannu a hankali, saboda haka gwargwadon daɗewarta gwargwadon yawan gubar da take fitarwa. Nauyin gubar kuma kusan ɗaya ne da na iskar da muke shaƙa, don haka takan gauraye ɗakin baki ɗaya, ta sami na kan gado ta sami na kan tabarma.

A cikin makamashin da muke amfani da shi babu wanda ya kai gawayi yaudara. Masu iya magana kan ce hayaƙi fid da na kogo, kuma haƙiƙa wannan ita ce rahamar da ke cikin hayaƙin itace: yakan shiga ido da maƙogwaro, ya tilasta wa mutum ya buɗe ƙofa ko ya fita. Shi kuwa gawayi an riga an ƙone masa yawancin abin da ke kawo hayaƙi tun a ramin da aka yi shi. Idan ya kama ya zama garwashi jawur, ido ba zai ga kome yana tashi ba, alhali a lokacin yana fitar da gubar ba ƙaƙƙautawa.

Na biyunsa shi ne janareta. Hukumomin Amurka sun ƙiyasta cewa ƙaramin janareta ɗaya yana iya fitar da gubar da ta kai ta ɗaruruwan motocin zamani. Tsoron ɓarawo, ko ruwan sama, ko ƙorafin maƙwabta game da ƙara, su ke sa a jawo shi cikin zaure, ko baranda, ko cikin shago a ja ƙofa. Ban da waɗannan biyu akwai motar da aka bari tana aiki a rufaffen gareji, da injin jan ruwa da akan zura cikin rijiya lokacin yasa, da risho ko murhun gas da harshensa ya koma ruwan ɗorawa maimakon shuɗi, da garwashin shisha, da kuma gobara.

Mai karatu zai iya tambaya, to ai kakanninmu sun kwana da wuta a ɗaki shekaru aru-aru, me ya sa ba su ƙare ba? Amsar tana ga irin ɗakin. Bukka mai jinka, wadda aka kare ƙofarta da tufaniya ko asabari, iska tana ratsa ta ta ko'ina. Ɗakinmu na yau kuwa na siminti ne, da silin, da ƙofar ƙarfe, da tagar gilashi, kuma idan sanyi ya tsananta har tsumma akan cusa a ƙarƙashin ƙofa. Al'adar ta zauna yadda take, ɗakin ne ya sauya. Daɗin daɗawa, tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 da tsadar makamashi da ta biyo baya, gidaje da yawa a birane sun koma ga gawayi, rashin tsayayyar wutar lantarki kuma ya sa janareta ya zama kamar ɗan gida.

Wannan masifa ba ta san talaka ko mai arziki ba, ba ta kuma tsaya ga ƙasa ɗaya ba. Mashahurin marubucin nan na Faransa, Emile Zola, ita ta kashe shi a ɗakin barcinsa a birnin Faris a watan Satumba na 1902, sa'ad da bututun hayaƙin gidansa ya toshe. A watan Disamba na 2024 an tsinci gawar mutum 12, yawancinsu Indiyawa ma'aikatan wani gidan abinci, a garin Gudauri na ƙasar Jojiya, bayan an kunna janareta a cikin ginin da suke kwana. A Amurka, inda ake ajiye lissafi sosai, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ce gubar tana kashe fiye da mutum 400 a shekara ban da na gobara, tana kuma kai fiye da 100,000 sashen gaggawa na asibiti.

Yadda Take Aiki a Jiki

A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai wani sinadari mai suna himoglobin, wanda aikinsa shi ne ɗaukar oksijin daga huhu ya kai wa kowace gaɓa. Alal misali, a ɗauke shi kamar ɗan dako da ke kai kaya daga tasha zuwa gidaje. Kabon monoksaid tana manne wa wannan ɗan dako da ƙarfin da ya ninka na oksijin sau 200 zuwa 250. Idan ta hau ba ta sauka da wuri, sa'an nan ɗan oksijin da ya sami wuri shi ma takan sa a riƙe shi kam, a ƙi sauke shi inda ake bukata. Ta haka mutum yana numfashi, huhunsa cike da iska, amma gaɓoɓinsa suna shaƙewa daga ciki. Masanin Faransa Claude Bernard shi ne ya bayyana wannan a shekarar 1857. Daga baya an gano cewa gubar takan shiga har cikin naman zuciya da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ta hana su aiki, ta kuma bar kumburi a baya.

Ƙwaƙwalwa da zuciya su suka fi kowace gaɓa bukatar oksijin, don haka su ke fara jigata. Ba a kuma bukatar guba mai yawa. Idan ta kai kashi 1 cikin 1,000 na iskar ɗaki, rai yana cikin haɗari a 'yan sa'o'i. Idan ta kai kashi 1 cikin 100, mintoci kaɗan sun isa. Jarirai, da tsofaffi, da masu ciwon zuciya ko na huhu, da masu ƙarancin jini irin su masu ciwon sikila, sun fi saurin faɗuwa. Ɗan tayi a ciki ya fi kowa shiga uku, domin jininsa ya fi na uwarsa riƙe gubar, ya kuma fi daɗewa bai rabu da ita ba.

Alamominta

Alamar farko, wadda ta fi yawa, ita ce ciwon kai. Daga nan sai jiri, da kasala, da tashin zuciya, da amai, da bugun zuciya da sauri. Idan abin ya yi nisa sai ciwon ƙirji, da gani dishi-dishi, da ruɗewa, da tangaɗi kamar na maye, sa'an nan jijjiga, da suma, da mutuwa. Mugun abin shi ne gubar takan kashe ƙafafu ta kuma dushe tunani tun kafin mutum ya gane yana cikin haɗari, har akan tarar da gawa a bakin ƙofa, hannu ya kusa kai wa sakata. Wanda ke barci kuwa sau da yawa ba ya farkawa ko kaɗan. Jan fata da leɓɓa da wasu littattafai kan ambata ba a cika ganinsa ga mai rai ba, don haka ba abin jira ba ne.

Duk wanda ya karanta jerin nan zai ga ya yi kama da zazzaɓin cizon sauro, ko taifod, ko gurɓataccen abinci. Na ga yadda wannan kama take ɓatar da mutane a gidanmu, a hunturun shekarar da na gama sakandare. Matar yayana ta haihu, gwaggonmu ta zo ta tare a ɗakinta domin kula da wankan jego. Da yake ana muku-mukun sanyi, kullum bayan lisha gwaggo takan hura gawayi a tsakar gida, ta jira har hayaƙin ya ɗauke, sa'an nan ta shigo da kaskon ɗaki, ta rufe taga, ta toshe ƙasan ƙofa don kada sanyi ya kama jinjiri. Kwana uku a jere suna tashi da ciwon kai da amai, ita da mai jegon, jinjirin kuma ya yi laushi ba ya kama nono sosai. Idan hantsi ya yi suka fito suka zauna a rana sai su ji dama. Aka sayo maganin zazzaɓi a kemis, bai yi kome ba. Wata maƙwabciya ta ce ɗakin ne ba shi da lafiya, akwai iska a ciki, a nemo hayaƙi a turara.

A dare na huɗu gwaggo ta tashi za ta zagaya, ta zare sakata ke nan sai ta yanke jiki ta faɗi, ƙofar ta buɗe da nauyinta. Ƙarar faɗuwar ce ta tashi yayana. Aka sami mai jegon ba ta iya ɗaga kai, aka kwashe su uku sai asibiti. A can wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya ta dubi yayana ta ce, "Malam, su nawa ne ba su da lafiya a gidan?" Ya ce su ukun nan ne, kuma ɗaki ɗaya suke kwana. Ta taɓa goshinsu ta ji ba zafi, ta ce, "Da me suke jin ɗumi da dare?" Yana ambaton kaskon wuta ta sa aka jawo tukunyar oksijin. Allah ya yi da sauran kwanansu, duka ukun suka tashi. Da gwaggo ta dawo hayyacinta aka yi mata bayani, sai ta ce wa ma'aikaciyar, "'Yar nan, ai ban taɓa shigo da shi yana hayaƙi ba. Sai da ya yi jawur." A iyakar saninta ta yi duk abin da ya kamata, domin abin da aka koya mata ta guda shi ne hayaƙi.

Tambayoyin wannan baiwar Allah su ne mabuɗin gane cutar, kuma kowa yana iya yin su. Idan mutum biyu ko fiye da ke kwana wuri ɗaya suka kamu da ciwon kai da amai lokaci guda, ba tare da zafin jiki ba, idan suna samun sauƙi in sun fita su kuma koma ciwo in sun dawo, idan akwai wani abu da ke ci da wuta ko inji kusa da su, to a zargi wannan guba tun kafin a zargi wani abu. Dabbobin gida ma shaida ne. Masanin nan ɗan Sikotilan, John Scott Haldane, wanda ya binciki fashewar wani ramin kwal a Tylorstown ta yankin Wales a 1896 ya gano cewa wannan iska ce ta kashe yawancin mamatan, shi ya ba da shawarar a riƙa shiga rami da ƙananan dabbobi, domin su suke fara faɗuwa. Daga nan masu haƙar kwal na Biritaniya suka riƙa shiga da kanari a keji, ba su daina ba sai a 1986 da na'urori suka maye gurbinsa. Saboda haka wanda ya ga kyanwa ko tantabara ko kaza ta mutu a ɗakin da mutane ke ciwon kai, to ya ɗauka gargaɗi ne.

Taimakon Farko da Magani

Abu na farko shi ne raba mutum da iskar. A wangale ƙofa da tagogi, a kashe injin ko a fitar da kaskon, a jawo marar lafiya waje inda iska ke kaɗawa. Mai ceto kada ya tsaya a ciki yana kururuwa ko jijjiga wanda ya suma, domin shi ma yana iya faɗuwa. An sha yin asarar mutum biyu ko uku a rijiya ɗaya, kowa ya shiga ceton na gabansa. Idan wanda aka fitar ya suma amma yana numfashi, a kwantar da shi a gefe ɗaya don kada amai ya shaƙe shi. Idan numfashi ya tsaya, a danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, har a sami taimako. Kada a ɗura masa madara, ko manja, ko ruwa, ko jiƙo. Gubar a jini take, ba ta cikin tumbi, kuma abin da aka ɗura wa sumamme yakan wuce huhu ya zama wata cutar. A tafi asibiti da duk wanda ya kwana a wurin, har da wanda ya ce ya ji sauƙi, a kuma gaya wa likita tun daga bakin ƙofa abin da aka kunna a ɗakin.

Wannan bayani yana da muhimmanci domin 'yar na'urar nan da akan maƙala a yatsa a auna oksijin ba ta iya bambanta jinin da ke ɗauke da oksijin da wanda ke ɗauke da guba. Tana iya nuna 98 alhali mutum yana bakin mutuwa. Tabbaci yana samuwa ne ta wani gwajin jini na musamman da ke auna yawan himoglobin ɗin da gubar ta kama. Ga wanda ba ya shan taba adadin ba ya wuce kashi 3 cikin 100, ga mashayin taba kuwa yana iya kaiwa kashi 10. Abin da ya haura haka shaida ne. Sai dai adadin yakan fara sauka da zarar an fitar da mutum waje, don haka idan an daɗe a hanya ƙarancinsa ba ya wanke gubar daga zargi. Inda babu wannan gwaji, labarin abin da ya faru da alamomin jiki sun isa likita ya fara magani. Akan kuma auna bugun zuciya da na'ura, a duba sukarin jini, a gwada tunani da tafiyar marar lafiya.

Maganin shi ne oksijin zalla, ta abin rufe hanci da baki wanda ya kama fuska sosai. Mutumin da ke shaƙar iskar waje kawai yakan ɗauki awa 4 zuwa 6 kafin rabin gubar ya bar jininsa. Da oksijin zalla lokacin yakan sauko zuwa awa ɗaya da 'yan mintoci. Akan ci gaba da ba shi na tsawon kamar awa 6, ko har alamomi su gushe. Akwai kuma wani akwati ko ɗaki na musamman inda akan ba da oksijin a ƙarƙashin matsin iska mai ƙarfi, wanda ke rage lokacin zuwa minti 20 ko 30. Likitoci sukan yi tunaninsa ga wanda ya suma, ko wanda zuciyarsa ko ƙwaƙwalwarsa ta taɓu, ko wanda adadin gubar ya haura kashi 25 cikin 100, ko mai juna biyu. Ba kowane asibiti ke da shi ba ko a ƙasashen da suka ci gaba, kuma rashinsa ba ya hana a ceci rai da tukunyar oksijin.

Akwai wani abu da ya kamata dangi su sani kafin a sallami marar lafiya. Wasu sukan warke sarai, sa'an nan bayan kwana 2 zuwa 40 sai mantuwa ta kama su, ko halinsu ya sauya, ko hannu ya riƙa rawa, ko tafiya ta gagara, ko su kasa riƙe fitsari. Gwaggonmu ta yi watanni tana ajiye abu ta manta, tana maimaita tambaya ɗaya, kafin Allah ya kawo sauƙi. Wannan rauni ne da gubar ta bari a ƙwaƙwalwa, kuma maganinsa komawa wajen likita.

Batun Suna

Abin mamaki, maƙwabciyarmu da ta ce akwai iska a ɗakin ba ta yi ƙarya ba. Kalmar iska a Hausa tana ɗauke da ma'ana biyu: wadda ake shaƙa, da kuma mutanen ɓoye. Ita ta biyun take nufi, ta farkon ce ke kisa. Haɗarin yana ga abin da kan biyo bayan wannan fassara, domin wanda aka ce iska ta buge shi akan shigar da shi ɗaki, a ɗebo garwashi a kasko, a zuba magani, a lulluɓe shi da zane ya shaƙa. Watau abin da ya kayar da shi shi za a ƙara masa. Idan kuma mantuwa da sauyin hali suka biyo baya bayan makonni, sai a ce ai ga shi nan, dama an faɗa sammu ne. Ban ce a bar addu'a ba, amma addu'a tana yiwuwa a tsakar gida, tana yiwuwa a cikin mota a kan hanyar asibiti.

Mun riga mun ga yadda suna kan ja ragamar magani. Da aka kira wata cuta shan inna, sunan ya daɗe yana tura iyaye wajen masu maganin iskoki, domin ya riga ya gaya musu wadda ta shanye ƙafar yaron. Da aka ce zazzaɓin cizon sauro kuwa, sunan da kansa yana nuna wa mutum gidan sauro. Haka nan kalmar hayaƙi ta koya wa gwaggo cewa idan ido bai ga kome yana tashi ba to an tsira. Rashin sani, in ji masu iya magana, ya fi dare duhu, amma sanin da ya tsaya rabi shi ne ya shigo da kaskon nan ɗaki.

Na auna sunaye da dama. Kabon monoksaid ya dace da aji da ɗakin gwaji, amma ba zai shiga zaure ba. Iskar gas mai guba, wadda 'yan jarida kan yi amfani da ita, takan sa a zaci gas na girki ake nufi, shi kuwa an sa masa wari da gangan don a ji idan yana yoyo, sai mutum ya zauna yana jiran warin da ba zai zo ba. Iskar gawayi ta bar janareta da mota a baya. Muguwar iska kuwa ta mai da mu gidan jiya. Abin da ya fi kwanta mini shi ne hayaƙin ɓoye. Bahaushe ya riga ya san hayaƙi daga wuta da inji yake fitowa, ya san ba a kwana da shi a ɗaki, ya kuma san maganinsa buɗe ƙofa. Kalmar ɓoye ita za ta ƙara masa abin da ya rage, watau akwai wani irinsa da ido ba ya gani, hanci ba ya ji, wanda ke nan ko bayan na fili ya ɗauke.

Idan sunan ya zauna, dokokin kariya za su yi sauƙin faɗa. Garwashi yana da hayaƙin ɓoye, don haka ba ya kwana a ɗaki, ko na mai jego ne ko na tsoho. A yi girki da shi a fili, sanyi kuma a tare shi da bargo da rigunan sanyi. Janareta yana da hayaƙin ɓoye, don haka wurinsa waje, nesa da ƙofa da taga da kamar mita 6, salansa tana kallon wani gefe. Buɗe taga ba ya sa ya halatta a cikin gida. Mai tsoron ɓarawo ya sa maƙeri ya yi masa kejin ƙarfe da kwaɗo. Ba a zura inji cikin rijiya, ba a barci a mota tana aiki a rufaffen wuri. Wanda ke da hali ya sayi 'yar na'urar nan mai batir da ke ƙara idan ta ji gubar, ya rataye ta kusa da wurin kwana.

Kammalawa

Likitoci sun yi nasu, sun gano yadda gubar ke aiki sun kuma san maganinta. Amma likita ba ya ganin mutum sai an kai masa shi, kuma yawancin waɗanda hayaƙin ɓoye ya kashe ba su kai asibiti ba. Abin da zai cece su magana ce da za ta isa kunnensu tun kafin su rufe ƙofa, cikin harshen da suke tunani da shi. Daga cikinmu ne za a sami malaman makaranta, da masu fassara labarai, da marubuta wasannin kwaikwayo, da masu shirya littattafan kimiyya na firamare. Ina roƙon malamaina da 'yan'uwana ɗalibai su auna wannan suna da na kawo. Idan ya yi, mu sa shi a bakin jama'a. Idan wani yana da wanda ya fi shi, shafukan wannan mujalla a buɗe suke, ya kawo mu karɓa. Abin da dai bai kamata ba shi ne wani hunturun ya sake tarar da mu ba mu da kalmar da za mu gaya wa tsohuwar da ke ɗauke da kaskon garwashi za ta shiga ɗakin jikanta. Allah ya kiyashe mu, ya sa mu dace.